Amsar Thyra a Gaban Kyamara

Hasken rana ya cika ɗakin gilashin da ake ɗaukar fim a Kopenhagen. Fitowar ƙarshe ce: Ejnar zai durƙusa ya nemi aure, Thyra ta amince. Da yake fim ɗin ba ya ɗaukar murya, darakta bai damu da abin da suke faɗa ba.

Ejnar ya durƙusa, ya kama hannunta.

"Thyra, wannan ba wasa ba ne. Ki aure ni."

Ta tsura wa mutumin da ya shanya ta a ƙofar coci bara, ya bi wata 'yar rawa Berlin. Sai ta saki wani lallausan murmushi.

"Na daɗe ina jiran ranar nan," ta ce a hankali, tana shafa kumatunsa. "Asabar za a ɗaura aurena da ƙaninka Aksel. Ka zo da wuri, ka sami kujerar gaba."

Hawaye suka zubo masa.

"Madalla, Ejnar!" in ji darakta. "Kukan farin ciki ke nan! Kada ka motsa!"

Bai kuwa motsa ba, har Thyra ta zare hannunta ta tafi wanke kwalliyarta.