Kwalbar da Ba Suna

Na'urar gwajin asibiti ta yi ƙara, takarda ta fito. Mai gwaji ya duba, ya kira nas.

"Sista, wannan akwai ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa. Mugun nau'in ne. Kuma kwalbar da aka sako tsinken audugar gwajin a ciki ba suna."

Nas ta ƙirga kwalaben. Mata ashirin ta rubuta da safe, ga kwalabe ashirin da ɗaya a tire. An kawo na'urar ne don sakamako ya fito cikin awa ɗaya, kafin mace ta tafi gida a rasa ta.

Ta fito baranda ta tare ƙofa. "Ba mai tafiya! Wace ce ta ba da tsinken audugarta ba a rubuta sunanta ba? Ban ce sankara ce ba, amma dole a duba ta yau."

Matan suka kalli juna. Ta ƙirga su sau uku. Ashirin.

"Ku ji tsoron Allah! Ciwon nan ba ya sallama."

Wata dattijuwa ta ɗaga hannu. "'Yata, ɗazu da duk muka noƙe, wa ya fara shiga bayan labule don ya nuna mana ba zafi?"

Nas ta laluba aljihun da take zaton ta jefa kwalbarta. Biro kawai ta taɓo.

Sai ta tuna jinin da take gani wata huɗu, tana cewa gajiyar aiki ce.