Ɓarawon Imel ɗin Alhaji Sallau

"Ki kamo mini ɓarawon nan, Tahira," in ji Alhaji Sallau, dillalin wake a Maraɗi.

Wani ne ke aika wa abokan cinikinsa imel da sunan kamfaninsa, har motocinsu sun fara ɗaukar kaya a wani sito daban.

Tahira, mai kula masa da na'urori, ta buɗe bayanan TXT na adireshin intanet ɗin kamfanin, inda ake tabbatar da mai shi da wanda aka yarje wa aika saƙo. Ta daɗe tana dubawa.

"Alhaji, wa ya buɗe maka adireshin nan?"

"Ƙanena Jibo, kafin in kore shi ya koma garin Tsibiri."

"To, da sunansa ya buɗe. Shi ke aika imel ɗin, kuma a wurin na'ura saƙonninsa ne na gaskiya, Alhaji. Naka ne jabu."