Tulun Sallau Bai Cika Ba

Tun da aka daina waya aka koma bututun saƙo, magana ba ta tafiya ɗai-ɗai. Kowa da tulunsa a bakin bututu. Abin da mutum ya faɗa a ciki yake taruwa, sai ya cika maƙil sannan ya wuce. Masu surutu kullum ana jin su. Sallau kuwa, mijin Tasalla da ya tafi aiki Agadas, ko a gida ba mai yawan magana ba ne.

Ranar kasuwar Gumel, Tasalla ta biya gidan saƙo kamar yadda ta saba.

"Malam Barau, yau ma shiru?"

Ma'aikacin bai ɗago kai ba. "Zauna, Tasalla. Saƙonsa ya iso."

Ta kara kunne a bututun. Muryar Sallau ta zubo a jere: ya sauka lafiya, a gaida Inna, barka da ƙaramar sallah, barka da babba, a kula da jar akuya. Akuyar da aka yanka tun bara! Tasalla ta yi dariya har da hawaye. Can ƙarshe ya ce, "Na ɗan ji zazzaɓi, amma kada ki damu."

"Ikon Allah, Sallau ya koyi surutu! Har ya cika tulu?"

"Bai kai ko rabi ba," in ji Malam Barau a hankali.

Kowa ya san ba a juye tulun da bai cika ba sai mai shi ya rasu.

Tasalla ta yi salati, ta gyara mayafinta, ta sake kara kunne.

"Maido mini daga farko, Malam."