Mabuɗin Ɗakin Iri

Zauna, Tanimu. Tun da ka shigo kake zagin kwamfutar asibitinku, wai ita ta tona asirin marasa lafiya, har ana nuna matar mutane da baki a unguwa saboda sakamakon gwajinta ya fita. Ni yayarka shekara goma sha biyu nake gyaran waɗannan na'urori, kuma wallahi haushinka nake ji fiye da na ɓarawon da ya shiga kwamfutar ya kwashi bayanan. Bari in ba ka misali.

A wani ƙauye manoma suka haɗa irin shukarsu a ɗaki guda, gero da dawa da wake, don kada yunwar bazara ta sa wani ya cinye nasa. Maƙerin garin ya yi wa ɗakin ƙofar ƙarfe da kwado, mabuɗin kuma yana lalitarsa, ba ya ba kowa. Duk mai iri an fasa masa sakaina biyu, ya riƙe ɓari, maƙeri ya riƙe ɓari. In kana son buhunka sai ka je maƙera da naka ɓarin. In baki ya hau baki, maƙerin ya ajiye guduma ya bi ka, ya buɗe da hannunsa, ya rufe da hannunsa. Shekara da shekaru ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Ana nan sai aka yi sabon shugaban manoma, mutum mai ji da kai. Shi a ganinsa raini ne a ce kamarsa sai ya nuna sakaina, ga tafiya har maƙera cikin rana. Ya tayar da jijiyar wuya, ya kai ƙara wurin dattawa, har aka tilasta wa maƙeri ya ƙera masa nasa mabuɗin. Da zai miƙa masa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi. Amma ka sani abincin gida arba'in na miƙa maka." Gogan naka ya rataye shi a ƙusa cikin zaurensa, inda kowa ke shiga gaisuwa. Don kada ya ruɗe da na ɗakin awaki, sai ya ɗaura masa 'yar zangarniyar gero. Ka ji sakarci, saura kawai ya yi wa ɓarawo rakiya.

Ranar kasuwa da rana tsaka, gari duk ya watse, wani baƙo mai amalanke ya tsaya a zauren shugaban yana neman ruwan sha. Ya ga mabuɗi, ya ga zangarniya, bai buƙaci bayani ba. Kafin la'asar ya kwashe ɗakin tas, ya kulle kwado, ya mayar da mabuɗin ƙusarsa. Ba wanda ya sani sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Mutane suka zo da sakainarsu suna murna, maƙeri ya buɗe, sai ɗaki wayam. Ƙasa ta jiƙe, babu abin da za a zuba mata. Shugaba ya hau ihu, ƙofar banza ce, kwadon banza ne, duniya ta lalace. Maƙerin ya ɗaga kwadon kowa ya gani, ko ƙwarzane babu. Ya ce, "Nawa yana nan a ƙuguna. Ina kake ajiye naka?" Ba a jira amsa ba, duk aka juya ana kallon zauren, don babu wanda bai taɓa ganin zangarniyar nan tana lilo ba.

To, kwamfutar da kake zagi ita ce maƙerin. Kalmar sirrinka ba ta ajiye ta yadda ka rubuta. Niƙa ta take yi ta ajiye garin, kuma gari ba ya komawa tsaba. In ka sake rubutawa, ta niƙa ta gwada da wanda ke hannunta. Mabuɗan da suka kulle bayanan marasa lafiya kuwa suna cikin wata 'yar ma'ajiya a jikinta, ba ta miƙa wa kowa su, ita ke buɗewa da kanta. Kai fa? Don ƙyuyar haddace kalma ɗaya, ka rubuta ta a takarda ka manna a gindin allon kwamfutar, a ɗakin da masu karɓar kati ke shiga da fita, har da rubuta "na gwaji" a samanta. Matar nan ba ta san wata kwamfuta ba, Tanimu. Kai ta gani zaune, kai ta ba amana, kuma yau ko gidan suna ba ta iya shiga. Ƙafarka za ta kai ka wurinta neman gafara, ba saƙo ba.

Ka ce wanda ya sata mugu ne, na yarda, Allah ya tona shi. Amma kada ka ƙara ɗaga mini murya a kan na'ura. Hausawa sun riga sun gama magana: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.