Mai Tambayar Kuku

Washegarin Babbar Sallah babu gidan da ba a suya a Katsina. Shi ya sa Lami ta daina goge kofin da ke hannunta lokacin da wani dattijo ya turo ƙofa. Wa zai baro naman layya a gida ya zo neman taliyar Italiya?

Gidan abincin ƙarami ne, tebur takwas, a wani layi da ke bayan Ƙofar Marusa. Ta buɗe shi ne bayan ta yi ritaya daga koyarwa. Yau ma'aikata duk sun tafi gaisuwar Sallah, saura ita da kukunta, Almu, wanda ya koyi girkin a kicin ɗin wani kamfanin gine-gine a Abuja. Shi ya ce zai tsaya ya taya ta. Iyali biyu ne kawai ke cin fiza a can ciki.

Sati uku ke nan da aka fara yaɗa cewa ana zuba giya a miyarsu. Ƙarya ce, amma ta bazu. Daga baya aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, babu sa hannu. Masu takardar sun ce ita ba su da magana da ita, tunda addininta daban. Ɗan Musulmin da ke dafawa suke so su sani. Tun ranar Almu ke shiga da fita ta ƙofar baya, Lami kuwa ta hana kowa ambaton sunansa a gaban baƙi.

Dattijon ya zaɓi teburin da ke kusa da ƙofar kicin, amma ya zauna ya ba ƙofar gefe. Farar rigarsa ta sha guga, takalminsa na nuna ya yi tafiya. Ya tura wata baƙar leda ƙullalliya ƙarƙashin kujera. Takardar jerin abinci kuwa ko buɗe ta bai yi ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Barka da Sallah."

Ya amsa a tsanake, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce a kawo masa abin da aka fi dafawa.

Ta kawo taliya da miyar tumatir da curin niƙaƙƙen nama, an barbaɗa cuku a sama. Ya ture cokali mai yatsu gefe ya nemi na shan miya. Ya sunkuya ya sansana. Ya ɗebi miyar ita kaɗai, ya daɗe da ita a baki kafin ya haɗiye. Lami na tsaye bayan teburin karɓar kuɗi, ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "namiji ne ke yi muku girkin nan?"

"Muna da ma'aikata da dama."

"Akwai wani yaro, mutumin Batagarawa. An ce mani nan yake."

"Yaya sunansa?"

Ya mayar da kallonsa ga bango. "Wani dogo haka."

Masu takardar nan ne suka turo shi, ta ce a ranta. Sun san garinsu, sun san tsayinsa. Sunansa da fuskarsa kawai suka rage musu.

"Yana zuwa aiki a kan lokaci?" ya ci gaba. "In an kira salla yana fita?"

Ta ce tana zuwa. Ta shiga kicin ta tarar da Almu a gaban tanda, gumi har wuya. Ta ce kada ya fito, kada ya yi magana, kada ya leƙo, har sai ta dawo. Ta ja ƙofar ta murɗa makulli.

Kafin ta isa teburin ta gama shawara. Cewa ba ta san yaron ba ba zai isa ba, gobe wani za su turo. Dole ta raba sunan Almu da wurin nan rabuwar da ba mai dawowa ya sake tambaya.

"Malam, na gane wanda kake nufi. Ba ya nan. Na kore shi tun kafin azumi."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. "Mi ya yi?"

"Ɗauke-ɗauke gare shi. Sau biyu ina kama shi. Ban ma san inda ya nufa ba."

"Ɗauke-ɗauke," ya maimaita a hankali. Ya yi salati ƙasa-ƙasa. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya ajiye cokalin, ya biya, ya ɗauki ledarsa, ya yi mata godiya irin ta dattawa. A bakin ƙofa sai da ya dafa bango kafin ya sauka.

Lami ta jira ya tsallaka titi, sannan ta saki numfashi. Ta buɗe kicin.

"Sun turo mutum," ta ce. "Na sallame shi, ba zai dawo ba. Zo ka ga fuskarsa, don ka kiyaye."

Almu ya goge hannu ya ɗaga labulen taga kaɗan. Dattijon na shiga Keke Napep, kansa a sunkuye.

"Kwantar da hankalinka," in ji ta. "Ko sunanka bai sani ba."

Almu bai saki labulen ba. "Madam, me kika gaya masa?"

"Abin da zai sa ya fita harkarka."

"Ya san sunana, shi ya raɗa mini," ya ce. "Baba ne. Ni ne ɗansa na fari, tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba."