Sai Likita Ya Sa Hannu

"Daga yau ko ƙwayar magani ɗaya kar ki ƙara bayarwa sai likita ya sa hannu," in ji Toktobek, mai duba asibitoci, yana nuna nas Nurjamal da yatsa.

"Yallaɓai, ni kaɗai ce fa gare su a ƙauyen nan."

"Doka ce."

Makiyaya suka kawo masa nonon goɗiya sabon tatsa, ya shanye kwano biyu, don baƙo ba ya ƙi.

Kafin la'asar ya dawo a duƙe, ya riƙe ciki.

"Baiwar Allah, taimaka min da maganin zawo."

Nurjamal ta kwanto doki, ta miƙa masa linzami.

"Likita yana bayan dutsen can, wuni guda a kan sirdi. Doka ce, yallaɓai."