Sifilin Auta

Ranar da aka raba sakamakon zango na biyu, bakanike ya dawo gida da bel ɗin injin mota a hannu. Ɗansa Auta, ɗan aji huɗu da ya zo na ɗaya bara, bana ya gangaro can ƙasa, da sifili a lissafi.

Ya ja yaron ɗaki ya danna sakata. Uwar tana dukan ƙofa tana haɗa shi da Allah, shi kuwa yana zabga bel har rigar makaranta ta manne da jini. Auta bai yi kuka ba, sai dunƙule hannuwa da ya yi a ƙirji. Da uban ya ɓamɓare yatsun, sai ya ga tafukan a kumbure, duk shatar bulala, sabuwa kan tsohuwa. Wannan ba aikinsa ba ne.

Washegari uban ya faɗa ajin su Auta ba sallama, ya ci kwalar malamin, ya haɗa shi da allo. Malam, leɓe a fashe, ya rantse bai taɓa dukan ɗan kowa da hannunsa ba, a tambayi yara. Yara suka ce haka ne. Ya ƙara da cewa yaron ne ya lalace, tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa sai ya yi tsuru kamar gunki.

Bakanike ya ce to boko ya ƙare, gobe sai gareji. Suna fita rabin ajin ya biyo su har bakin ƙofa. Wata yarinya ta cusa wa Auta alewa a aljihu, ta ruga.

Da yamma yayar Auta 'yar aji shida tana fama da aikin gida, lissafin rabawa ya gagare ta. Auta yana kwance rub da ciki saboda bayansa. Bai ko ɗaga kai ba ya faɗa mata amsar, ta karanto ta gaba, ita ma ya faɗa.

Uban yana bakin ƙofa. Ya saki butar hannunsa, ya zaro bel ya naɗe a hannu.

"Ashe ka sani. Ni ka mayar sakarai a garin nan?"

Auta ya miƙe a hankali, ya juya masa baya ya dafa bango.

"Baba, duk wanda ya ci, shi Malam ke miƙa wa bulala ya zane waɗanda suka faɗi."